Yadda ake yi wa bargon haɗe-haɗe ado da aikin keke

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau ya ga dawakan 'yan lifidi, an lulluɓe su da wani kauri mai launi-launi tun daga wuya. In kika matsa kusa kika duba lifidin nan, abu uku ne kawai: yadi a sama, yadi a ƙasa, auduga a tsakiya, sai ɗinkin da ya ratsa su ukun ya hana audugar gudu. Saman kuwa guntaye ne aka yayyanka aka harhaɗa. Bargon haɗe-haɗe da 'yan mata ke nuno min a waya suna cewa "Anti, irin wannan nake so a kayan ɗakina" ginin su ɗaya da lifidi. Abin da ya ƙaru shi ne keke, da adon da keken zai iya zubawa a kan guntayen kafin a haɗa su.

Sai dai akwai tarkon da mu mutanen Zariya muka fi kowa faɗawa. Idonmu ya saba da aikin babbar riga, aska biyu, aska takwas, a cike gaban riga dam har ta tsaya da kanta. Riga tsayuwa ake so ta yi. Bargo kuwa kwanciya ake so ya yi a jikin mutum. Na farko da na ɗinka na kayan suna ne, na manna wa kowane ƙyalle gam mai tauri irin na kwalar riga, na cike fulawoyin da zare kamar ba gobe. Da na kai wa mai jego ta yi ta godiya, bayan wata biyu na je gidan na tarar an shimfiɗa shi a ƙasa ana ajiye kwanon tuwo a kai. Na nuna wa tsohon telan da ya koya min keke irin bargon, ya murza shi a hannu ya ce, "'Yata, ai wannan tabarma kika ɗinka." Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan maganar ya fito: aiki mara nauyi, a kan ƙyalle ɗai-ɗai, tun kafin a haɗa bargon.

Wane keke ne a ɗakinki?

Baƙin keken nan na ƙafa, irin su Butterfly da tsohuwar Singer, miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, amma kada ki raina shi. In aka saukar da haƙoransa, wato ƙarafan da ke jan yadi a ƙarƙashin allura, aka sa yadi a firam, zobba biyun nan da ke ɗaure yadi ya miƙe, zai zana duk abin da hannunki ya iya zanawa. Sai keken lantarki na gida mai zigizag da ɗinkunan ado da ake zaɓa da maballi. Sai keken 20U da telolin Sabon Gari da Tudun Wada ke aikin wuya da shi, wanda ake buɗe faɗin zigizag ɗinsa da gwiwa yayin da hannu biyu ke juya yadi. Na ƙarshe shi ne mai kwamfuta, wanda muke kira monogiram, a sa masa zane a filash ya ɗinka da kansa. Kowanne akwai nasa hanyar, zan zo kansu. Shirin farko dai iri ɗaya ne.

Lissafi da sayayya

Ki fara da bargon yaro, inci 40 faɗi, inci 48 tsawo. Gidaje 30 ke nan, wato ƙyallaye masu kusurwa huɗu, 5 a jere sau 6, kowane gida inci 8 bayan an gama ɗinki. Rabinsu, wato 15, guntayen atamfa ne da babu abin da za a yi musu, adonsu na jikinsu. Sauran 15 yadi ne mara zane, fari ko ruwan madara, su za a yi wa aiki. A jera su ɗaya bayan ɗaya kamar gidan dara. Aiki a kan atamfa asarar zare ne, zanen atamfar zai haɗiye shi.

Gidajen atamfa ki yanka su inci 8 da rabi, domin kowane gefe ɗinki zai ci kwatan inci. Na aiki kuwa kada ki yanka su daidai tukuna. Ki yanka inci 11 ko 12, saboda firam na bukatar wurin kamawa, kuma zare yana jan yadi ya tsuke. Sai an gama aikin an goge sannan a rage. Yadi biyu na farin auduga zai ishe ki. Ki nemi auduga zalla mai ɗan jiki. Yadi mai santsi ko mai miƙewa wahala zai ba ki a banza.

Zaren sama ki sayi na aiki, mai ƙyalli, lamba 40. Iri biyu ne a kasuwa, reyon da foliyesta. Reyon ya fi laushi da sheƙi, amma ba ya jure bilic da yawan wanki. Bargon yaro kuwa kin san wankin da zai sha, don haka foliyesta. Zaren kwarkwaro, wato na ƙasa, ya zama siriri, fari, lamba 60 in kin samu. Allura lamba 11 ko 12 don aiki, lamba 14 don ɗinke bargon a ƙarshe, kuma sabuwa. Allurar da ta dakushe ita ce rabin tsinkewar zaren da ake ɗora wa keke laifinsa.

Abin tsakiya: shimfiɗaɗɗiyar faiba mara kauri da ake sayarwa a yadi, ko tsohon siririn bargo mai tsabta. Soso yana saurin ruɓewa ya zama gari, ga zafi. Audugar rimi, duk da garin nan garin rimi ne, ki bar wa matashin kai. Gashinta gajere ne mai santsi, wanki ɗaya za ta dunƙule a lungu guda, ga saurin kama wuta.

Wanki kafin almakashi

Kowane yadi da zai shiga bargon nan sai ya sha ruwa tukuna. Auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma ba kowace ke tsukewa daidai da 'yar'uwarta ba. Ki jiƙa guntayen atamfar kowane launi a roba daban, ki jefa ɗan farin ƙyalle a ciki. Wadda ta rina ƙyallen, musamman ja da shuɗi mai duhu, ki yi ta ɗauraya har ruwan ya fito fes, in ta ƙi ki cire ta daga lissafi. Babu baƙin cikin da ya kai ki kwana uku kina fidda fulawa a kan fari, wanki ɗaya jar atamfa ta zubo mata.

Farin da za a yi wa aiki ki sa masa sitati mai ɗan ƙarfi ki goge. Sitatin zai riƙe shi lokacin aiki, ya fita a wanki, bargo ya dawo da laushinsa. Wannan shi ne ya maye min gurbin gam.

Zane da tallafi

Ki ninke kowane farin gida biyu, ki sake ninkewa, inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya. Zanenki kada ya wuce inci 5 zuwa 6, a bar masa fili ya sha iska. Ki zana shi a takarda da baƙin biro mai kauri, ki manna a gilashin taga da rana, ki ɗora yadin a kai ki bi da alli ko fensir mara duhu. Biro a jikin yadi haramiyarki ce, ba ya fita.

Zane mai layi ya fi zane mai cikewa dacewa da bargo. Dagin Arewa kamar don wannan aikin aka yi shi: layi ne ke shiga yana fita, ba sai an cike komai ba. Tambarin nan mai murɗewa na jikin babbar riga shi ma yana kyau in aka bi layinsa kawai. Sai ganye, tauraro, jinjirin wata, fitila. Sunan yaro a gida ɗaya ya isa. Amma aya, ko suna mai ɗauke da sunan Allah, ban sa su a abin da za a zauna a kai, yaro ya yi fitsari a kai, a jefa a bahon wanki.

Ƙarƙashin yadin dole a sa abin tallafi, in ba haka ba zigizag zai tattare shi ya yi tudu kamar kunyar gyaɗa. Takardar da masu monogiram ke shimfiɗawa iri uku ce: mai yaguwa da hannu, wadda sai an yanke da almakashi ragowarta ta zauna a jiki, da mai narkewa a ruwa. Don bargo, mai yaguwa ko mai narkewa. In ba ki samu ba, farar takarda mara kauri tana yi, ɗinkin zai huda ta ki yage a hankali. Ban da jarida, tawadarta na ɓata fari.

Wajen sa firam akwai abin da ke rikita wadda ta saba da ɗinkin hannu. A hannu yadi yana saman firam. A keke kuwa yana ƙasa, ya kwanta a gadon keken. Ki ajiye babban zoben a tebur, ki ɗora takarda, ki ɗora yadi fuskarsa na kallon sama, ki danna ƙaramin zoben ciki. Ya ɗaure har in kin ƙwanƙwasa da yatsa ki ji ɗan amo, amma kada ki ja yadin bayan kin ɗaure. Duk yadin da aka miƙe da ƙarfi, ranar da ya fita daga firam zai koma yadda yake ya yamutse a gefen aikin. In firam na zamewa, ki naɗe ƙaramin zoben da siririn ƙyalle.

Gwaji

Kafin ki taɓa gida ko ɗaya, ki ɗauki ragowar yadin nan, da takardar nan, da zaren nan, ki gwada. Ki sassauta tenshan na sama, wato abin da ke saita tsaurin zare, kaɗan, lamba ɗaya ko biyu ƙasa da na ɗinkin yau da kullum. Ki yi layin zigizag matsattse ki juya bayansa. Abin da ake so: farin zaren kwarkwaro a tsakiya, kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin ɗinkin, zaren sama ya leƙo ta gefe biyu. In farin yana fitowa a fuska kamar ƙwayar gero, saman ya yi tsauri. In zare na taruwa a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu, yawanci ba a zura zaren sama daidai ba ne. Ki ɗaga ƙafar keken ki sake zurawa daga farko.

Aiki da zigizag da ɗinkunan ado

Wannan ne mafi sauƙi, ba ya ma bukatar firam in sitati da takarda sun yi ƙarfi. Tsawon ɗinki ki sauke shi wajen 0.4 zuwa 0.5, faɗi 2 zuwa 4. Zaren zai kwanta kusa da kusa ya zama layi mai sheƙi. In ya yi matsi har yadin ya daina tafiya, ki ƙara tsawon kaɗan, in ba haka ba zai taru wuri ɗaya ya karya allura. Faɗin da ya wuce milimita 6 ko 7 ba na bargo ba ne, farcen yaro zai kama shi ya zaro.

Kada ki tura yadi, kada ki ja. Haƙora ne ke tafiya da shi, ke jagora ce kawai. A kwana, ki tsaya allura na cikin yadi ta gefen waje na lanƙwasar, ki ɗaga ƙafa, ki juya kaɗan, ki sauke, ki yi ɗinki uku ko huɗu, ki sake. Da'ira mai kyau juyi ashirin ƙanana ce, ba manya huɗu ba.

In kina son fulawa mai cikakken launi ba tare da nauyin zare ba, ki yanko fulawar daga jikin atamfa, ki ɗora a kan farin, ki kama ta da miƙaƙƙen ɗinki a gefe, sannan ki rufe bakin da zigizag matsattse. Cikin na yadi ne, zare a baki kaɗai. Ga laushi, ga sauri, ga shi launin ya yi magana da gidajen atamfar da ke gefe.

Ɗinkunan ado na maballi, irin su ganye-ganye da igiyar ruwa, ki ja layi da alli ki bi. Layi uku ko biyar a jere da launi daban-daban, daga kusurwa zuwa kusurwa, sun isa su ƙawata gida.

Aiki da saukakkun haƙora

Nan ne baƙin keke da 20U ke nuna kansu, nan ne kuma ake shan wuya kafin hannu ya faɗa. Ki saukar da haƙoran. Da yawa daga cikin kekuna akwai ɗan maballi a gadon keken don haka, wanda babu kuma a rufe haƙoran da faranti. Ki cire ƙafar ɗinki ki sa mai sifirin ta aiki in kina da ita. Telolin kasuwa babu ƙafa suke aikinsu, allura tsirara, amma yatsunsu sun san abin da suka gani kafin su kai haka. Ko da ƙafa ko babu, sai kin sauke sandar ƙafar kafin ki fara. Mutane da yawa nan suke faɗuwa: in sandar na sama, tenshan a buɗe yake, zare zai cukurkuɗe a ƙasa nan take.

Ki juya keken da hannu sau ɗaya ki jawo zaren ƙasa ya fito sama, ki riƙe su biyun, ki yi ɗinki uku a wuri ɗaya, ki yanke jelar. Daga nan tsawon ɗinki a hannunki yake. Keke da ɗan sauri, hannu a hankali. Mai koyo akasin haka take yi saboda tsoro, ƙafa a hankali hannu na fizga, sai ɗinki ya yi tsalle-tsalle allura ta karye. Firam ɗin ba a juya shi kamar sitiyari, zamar da shi ake yi gaba, baya, hagu, dama. Ki rubuta sunanki sau goma a kan tsumma. Ran da ya karantu, kin isa ki taɓa farin gida. Layin zane ki bi shi sau biyu ko uku ya fito sosai, ƙaramin kaucewa a zagaye na farko na biyun zai rufe shi.

Aiki da monogiram

Ki tabbata zanen da ke filash yana cikin tsarin da kekenki ke karantawa: Brother na cin PES, Janome na cin JEF, manyan injinan shago DST. Ƙaramin firam na kekunan gida inci 4 ne da 4, mai bi masa 5 da 7, duka sun dace da gidan inci 8. Kafin ki zaɓi zane ki dubi yawan ɗinkinsa a allon keken. Cikin zane biyu masu girma ɗaya, ɗauki mai ƙarancin ɗinki. Kada ki rage girman zane da yawa a jikin keken, domin kekuna da dama ba sa rage yawan ɗinkin, sai su cusa shi a ƙaramin wuri ya yi tauri kamar ƙwarya. Ki daidaita allura da tsakiyar da kika ninke, ki sa keken ya zagaya iyakar zanen ki ga bai taɓa firam ba, sannan ki tayar.

Maganar wuta kuwa, keken nan ba ya son hawa da saukarta, a haɗa shi da sitabilaiza. Ki riƙa leƙa lambar ɗinkin da yake kai. In aka ɗauke wuta, kada ki kuskura ki cire yadin daga firam. In ta dawo ki kai shi lambar, ki koma baya kamar ɗinki goma, ki ci gaba. In shago za ki kai a yi miki, ki kai gidajen ba a rage su ba, ki faɗa da bakinki cewa bargo ne, ba kya son gam, ba kya son cikewa. In kika yi shiru irin na riga za su yi miki, shi suka saba.

Lokacin hunturu, ƙura da gashin zare na taruwa a ƙarƙashin farantin allura. Duk bayan gida uku ko huɗu ki buɗe ki share da ɗan buroshi.

Ragewa da haɗawa

Ki yanke zaruruwan da suka tsallaka, ki yage takardar kina danne ɗinkin da yatsa. Ki kifa aikin a kan tawul ki goge ta baya, wuta matsakaiciya, domin foliyesta na narkewa. Mai dutsen gawayi ta sa ƙyalle a tsakani. Ki yanka kwali inci 8 da rabi kowane gefe, ki huda tsakiyarsa, ki daidaita hudar da tsakiyar zanen, ki zagaye da alli ki yanke. Kwali ɗaya za ki yi wa duka 30 amfani da shi.

Ki shimfiɗa su a ƙasa ki yi ta sauya musu wuri har idonki ya kwanta, ki ɗauki hoto da waya don kada ki manta. Ki haɗa biyar-biyar su zama layi 6, kwatan inci daidai a kowane ɗinki. Ki manna ɗan salatif a gadon keken ya zame miki ma'auni. Bakin ɗinkin layin farko ki kwantar da shi dama da guga, na biyu hagu, haka har ƙarshe. In kin zo haɗa layukan, mahaɗan za su shige juna kusurwoyi su haɗu cif.

Ɗinke ukun

Yadin baya ya fi saman da kamar inci 4 a kowane gefe, don haka sai kin haɗa fale biyu in atamfa ce. Ki shimfiɗa shi a kan siminti mai tsabta fuskarsa ƙasa, ki kama gefunan da salatif ya miƙe, ki ɗora faiba, ki ɗora saman. Daga tsakiya zuwa waje ki bi da fil mai makulli, tazarar tafin hannu, ko ki yi dogon ɗaurin allura da hannu.

Ki mayar da haƙora, allura lamba 14, tsawon ɗinki 3. In kina da ƙafar nan mai nata haƙoran da ke jan sama da ƙasa tare, yau ranarta ce. In babu, ki sassauta dannin ƙafar ki tafi a hankali. Ki fara da layukan tsakiya, ki bi cikin ramin mahaɗan gidaje, ki naɗe rabin bargon kamar tabarma ya shige hammatar keken. Bayan nan kowane gidan aiki ki zagaye zanen da layi ɗaya, kwatan inci daga bakinsa. Kada ɗinki ya hau kan aikin. Zagayen nan ne ke danne gefe ya sa zanen ya taso. Gidajen atamfa ki ratsa su kusurwa zuwa kusurwa, don kada a bar fili fiye da tafin hannu ba ɗinki, faibar ta samu wurin tattarewa.

Baki: ki daidaita gefuna da almakashi. Kewayen bargon inci 176 ne, ki yanka tsiri 5 masu faɗin inci 2 da rabi a faɗin yadi, ki haɗa su su zama ɗaya, ki ninke biyu a tsawonsa ki goge. Ki ɗinka ɗanyen bakinsa a fuskar bargon, ki juya ninkin ya rufe baya, ki kama da hannu ko da keke. Wankin farko da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ba murɗawa, a matse a shanya a inuwa a kan igiya biyu don nauyin ruwa kada ya ja shi. A nan sitati da alli za su fita, ya ɗan yi ƙananan tattara a gefen ɗinki, ki ji ya faɗo a hannunki da laushi.